ZARE: Bekin soda na ƙara wa mai gudu juriya, ko ciki kawai take ɓatawa?

1/
Jama'a ku matso kusa, yau da magana nake tafe. Ranar Asabar da ta wuce ɗan ɗakinmu a hostal ya kusa sa mu kwana a asibiti saboda bekin soda. Eh, wadda ake zubawa a kek ɗin nan. Ya ba ni izinin ba da labarin muddin ban kama sunansa ba. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/
Bawan Allahn nan yana shirin zuwa tantancewar shiga aikin ɗamara, saura mako 3. An gaya masa akwai gudun kilomita 3.2, kuma a nan ake zubar da mutane da yawa. Karo na biyu kenan yana nema, shekarunsa kuma sun kusa wuce ƙa'ida. Kun ga kuwa abin ba wasa ba ne a wajensa.

3/
Sai ya ci karo da wani bidiyo a TikTok, wai sirrin 'yan tseren Olamfik kenan. Ya je shago ya sayo, ya ɗebi cokali 3 na cin abinci cike maƙil, ya zuba a fiya wata, ya kaɗa ya shanye a tsaye. Ciki ba komai, saura minti 20 mu fita gwaji bayan sallar asuba.

4/
Zagaye biyun farko kam ya yi su kamar barewa. A na uku na ga ya dafe ciki. A na huɗu ya bar layi ya nufi bayan fili da gudun da ya fi wanda ya zo gwadawa 😂 Yanzu ne muke dariya. A ranar amai da gudawa ya wuni yana yi, sai da muka kai shi kilinik aka duba shi.

5/
Abin da ya sa na zauna rubuta wannan: jiya na ji yana cewa zai sake gwadawa ranar tantancewar, wai wancan karon awo ne bai iya ba. A guruf ɗinsu na WhatsApp kuma wani ya ce ai ba sai an sayi soda ba, a jiƙa kanwa kawai a sha. Nan hankalina ya tashi.

6/
Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne ɗan aji 3 mai karantar yadda jikin ɗan Adam ke aiki. Mun yi wannan darasin a zangon da ya wuce, na kuma koma na bi abin da masana suka rubuta. Ra'ayina a taƙaice: sodar tana aiki. Amma ba don irin gudunsa ba, ba kuma don mutum irinsa ba tukuna.

7/
Bari in fara da masu cewa duk shirme ne, don su ma ba su yi daidai ba. Maganar ta girmi iyayenmu, har da kakannin wasunmu. Tun 1931 masu bincike a ɗakin nazarin gajiya na jami'ar Harvard suka wallafa cewa rage tsamin jini na ƙara wa mutum jure aiki mai tsanani, ƙara shi kuma na gajiyar da shi da wuri.

8/
A 2018 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsayar masanan da ya tara suka tace tarin abubuwan da ake sayar wa 'yan wasa da sunan ƙarin kuzari. Guda 5 suka ce akwai hujja mai ƙarfi a kansu: kafeyin, kiriyatin, naitiret, beta-alanin, da sodiyam baikabonet. Ta ƙarshen nan ita ce bekin sodarmu ta kicin.

9/
Kuma dokar wasanni ba ta hana ta ba. Ba ta cikin jerin WADA, hukumar da ke yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari. A tseren dawaki ne ƙasashe da yawa suka hana ɗura wa doki ita kafin a fita, har jini ake ɗiba a auna. Da ba ta yin komai, wa zai ɓata kuɗinsa a wannan gwajin?

10/
To yaya take aiki? Hausawa sun riga sun gama bayanin a karin magana: kanwa ta kar tsami. Iyayenmu mata idan miyar yakuwa ta yi tsami, 'yar kanwa suke jefawa ta kwanta. Abin da mai tsere ke nema da soda kenan, sai dai nasa tsamin a cikin tsoka da jini yake.

11/
Idan kana gudu a hankali, tsokarka na ƙona abinci da iskar oksijin cikin natsuwa. Da ka taka wuta sosai, wannan hanyar ba ta iya biyan buƙata ita kaɗai. Sai tsoka ta koma fasa sukari da gaggawa. Ƙarfi na zuwa nan take, amma tare da shi ƙwayoyin haidurojin ke taruwa. Su ne tsamin.

12/
Ana auna tsami da ma'aunin pH, lamba na sauka tsami na ƙaruwa. Tsoka a hutu tana wajen 7.0 zuwa 7.1. A gudun ceton rai na minti 1 ko 2 tana iya sauka wajen 6.5. Lokacin ne cinya ke ɗaukar zafi, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata bulo, zuciya na so jiki ya ce a'a.

13/
Ɗan gyara a nan, tunda malaman motsa jiki a sakandare sun saba ɗora laifin duka a kan laktet. Laktet ɗin kansa makamashi ne, zuciya da sauran tsokoki na ƙona shi. Tare suke fitowa da tsamin, shi ya sa aka daɗe ana yi masa kuɗin goro. Zama da maɗaukin kanwa ne ya ja masa farin kai.

14/
Allah Ya riga Ya sa mana baikabonet a jini, wajen milimol 24 a kowace lita. Ita ce ke riƙe jini tsakanin pH 7.35 da 7.45. Tana kama tsamin, ta mayar da shi ruwa da iskar kabon, ka fitar da iskar ta numfashi. Wannan hakin da kake yi bayan gudu, wani ɓangarensa aikin nan ne.

15/
Shan soda na ɗaga baikabonet ɗin jini da kamar milimol 5 zuwa 6. Ba ta shiga cikin tsokar sosai, a jini take zama. Kamar ka yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwan sama ne: ruwan tsakar gida zai fi saurin fita. Tsami na barin tsoka da sauri, sai ka ɗan ƙara daƙiƙu kafin ƙafa ta ƙi.

16/
Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne ƙashin bayan zaren nan. Soda matsala ɗaya tak take magancewa, taruwar tsami. Idan tsami ne ke tsayar da kai, za ta iya taimaka maka. Idan wani abu ne daban ke tsayar da kai, ka sha gishirin banza.

17/
A 2021 ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta duniya, ISSN, ta fitar da matsayarta. Ta ce an fi ganin amfanin soda a aiki mai tsanani da ke ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa minti 12. Wato tseren mita 400, 800, 1500, ninƙaya, tseren kwale-kwale, gajeren tseren keke, da wasanni irin su dambe da judo da kokawa.

18/
Nawa take ƙarawa? A 2011 wasu masana sun haɗa sakamakon bincike da yawa suka lissafa: kusan kashi 1.7 cikin 100 a gudun minti 1. Kwamitin Olamfik ya ce wajen kashi 2, kuma amfanin na raguwa idan aikin ya wuce minti 10. Kashi 2 fa. Ba 20 ba.

19/
Za ka ce kashi 2 me zai yi? Dubi wasan ƙarshe na mita 800 na maza a Olamfik ɗin Paris 2024. Emmanuel Wanyonyi na Kenya ya yi 1:41.19. Marco Arop na Kanada ya yi 1:41.20. Tsakanin zinare da azurfa, kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo.

20/
Djamel Sedjati na Aljeriya ya zo na uku da 1:41.50. Bryce Hoppel na Amurka na huɗu da 1:41.67, ya koma gida hannu rabbana. Tsakanin wanda ya ci zinare da wanda bai samu komai ba, ko rabin daƙiƙa bai cika ba. Kashi 1 kacal na tseren nan daƙiƙa guda ce cur.

21/
A irin wannan wajen dole mutum ya nemi duk abin da doka ta halatta. Shi ya sa soda ta dawo yayi. A 2023 kamfanin Maurten na Suwidin ya fitar da ita a ƙananan ƙwayoyi da ake haɗiya cikin wani kunu mai kauri, don ta wuce tumbi ba ta tayar da rigima ba. Shan sau 4 ya haura dala 60.

22/
Amma ku duba su waye ke sha. Mutanen da suka yi shekara 10 suna atisaye, da koci, da likita, da mai tsara musu abinci, da mai auna musu jini. Komai sun gyara, saura ɗan abin da ba a rasa ba. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Bidiyon TikTok ɗin wankan kawai ya nuna wa abokina.

23/
Yanzu mu zo kan dogon gudu, inda na fi ganin ruɗani. Kalmar juriya ce ke yaudarar mutane. Jure zafin cinya na minti 2 daban, jure gudun awa 2 daban. Suna ɗaya ne, amma abin da ke karya mutum a kowanne ba ɗaya ba ne.

24/
Mai gudun fanfalaki na kilomita 42.195 ba ya gudu da iya ƙarfinsa, in ya yi haka ko kilomita 3 ba zai kai ba. Yana tafiya ne a saurin da jiki ke iya kwashe tsami kusan daidai da yadda yake samuwa. Kwatarsa ba ta cika ba balle ka ce za ka yashe masa ita.

25/
Abin da ke kayar da shi: ajiyar sukarin da ke tsoka da hanta ta ƙare, yawanci bayan awa 1 da rabi zuwa 2, shi ya sa wajen kilomita 30 ƙafafu ke ƙin ɗaguwa. Sai zafin jiki, sai ƙarancin ruwa, sai tsokar da ta gaji da dukan kwalta. A cikin huɗun nan ba wanda rage tsami ke warkarwa.

26/
Kada in yi son kai, akwai hujjar da ke ɗan karkata ga ɗaya ɓangaren. A 2021 masu bincike a Leuven ta Beljiyam sun sa 'yan tseren keke tuƙin awa 3, suka rufe da gudun ƙarshe na daƙiƙa 90. Da soda, ƙarfinsu a daƙiƙa 90 ɗin nan ya ƙaru da kusan kashi 3.

27/
Amma ku lura da inda amfanin ya fito. A ƙarshe ne, wajen da aka koma gudun ceton rai, inda tsami ya dawo shi ne matsalar. Wato ko a dogon tsere, soda na taimakon hawan tudu, ko ƙwacewa daga cikin ayari, ko rige-rigen layin ƙarshe. Sai ka kai wajen tare da na gaba kafin ta yi maka rana.

28/
A 2024 ma wani bincike a Ingila ya ga 'yan keke sun rage kusan minti 1 a tseren kilomita 40 da sabuwar sodar nan mai kunu. Abin a sa ido ne, ban raina shi ba. Sai dai ƙwararru ne 'yan kaɗan, a ɗakin gwaji, da awo daidai nauyinsu. Ba fiya wata da cokalin cin shinkafa ba.

29/
Ga wani abin mamaki. A 2007 an gwada masu tseren mita 1000: waɗanda aka ce musu sun sha soda alhali ba ita aka ba su ba, sun yi gudu kusan kamar waɗanda suka sha ta gaske. Wato wani kaso na abin a kai yake. Zagaye biyun da abokina ya yi kamar barewa, na fi zaton wannan ne.

30/
Dalili kuwa, minti 20 bai isa ta kai ƙololuwa a jini ba. Masana na cewa awa 1 zuwa 3 kafin a fara, kuma kowa da lokacinsa. Shi ya sha ta a lokacin da ba ta gama shiga jini ba amma tana kan ganiyarta a ciki. Ya kwashi wahalar duka, ribar ko ƙamshinta bai ji ba.

31/
Mu yi masa lissafi. Yanzu yana gama kilomita 3.2 a minti 15, wato daƙiƙa 900. A ce ma ya samu kashi 2 cif, wanda da wuya tunda ya wuce minti 12, daƙiƙa 18 kenan. Wannan shi ne mafi kyawun abin da zai iya faruwa, idan komai ya tafi daidai.

32/
Mako 6 da suka wuce a minti 17 yake gamawa. Ni ke riƙe masa agogo, na sani. Atisaye kawai ya cire masa daƙiƙa 120, ba soda ba komai. Murɗawar ciki guda kuma a tsakiyar gudu ta isa ta cinye masa shekara guda ta jira. Ku auna da kanku: 18 a hannu ɗaya, shekara a ɗaya hannun.

33/
Me ya sa take ɓata ciki haka? Awon da aka fi amfani da shi a bincike giram 0.3 ne ga kowane kilo na nauyin mutum. Shi kilo 65 ne, wato kusan giram 20, kamar cokalin shayi 4 a shafe. Abin da ya sha ya ninka haka ko ma fiye. Amma ko a awon daidai, mutane da yawa na shan wuya.

34/
Tumbi cike yake da asid. Soda na haɗuwa da shi sai iska ta tashi, irin kumfar da kuke gani in an zuba ta a ruwan lemon tsami. Na buga lissafin: giram 20, da a ce duka za ta narke da asid, iskar ta kai lita 6. Ba duka ke narkewa ba, amma kun gane inda kumburi da gyatsa da amai ke fitowa.

35/
Wadda ta wuce zuwa hanji kuma tana jawo ruwa daga jiki zuwa cikinsa, sai gudawa. Ka fita gudu a zafin nan namu, gumi na zuba, hanji ma na zubar da ruwa. Likitoci sun ma rubuta labarin mutanen da tumbinsu ya fashe bayan sun sha soda a kan cikin da ya cika dam. Ba kasafai ba, amma ya faru.

36/
Sai maganar gishiri, wadda masu bidiyo ba sa taɓowa. Kashi 27 cikin 100 na bekin soda sodiyam ne. Giram 20 na ɗauke da sama da giram 5 na sodiyam, daidai da gishirin miya giram 13 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 2 na sodiyam a wuni guda.

37/
Wato a kofi ɗaya ka shanye kason kusan kwana 3. Mai lafiya ƙodarsa za ta yi aikin fitar da shi. Amma mu nawa ne muka san awon jininmu? Hawan jini ba ya sallama, kuma ba ya tambayar shekaru. Ga shi a tantancewar nan har da gwajin lafiya ake yi.

38/
Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai olsa, mai juna biyu, da duk wanda ke kan wani magani: don Allah kada ku kusance ta sai da izinin likita. In ta yi yawa tana juya jini ya wuce ƙa'ida ta ɗaya ɓangaren, fotasiyam ya sauka, tsoka ta riƙe, bugun zuciya ya rikice.

39/
Yanzu kanwa. Malam mai shawarar guruf, ka yi haƙuri, amma ka zama kanwa uwar gami. Gaskiya ne akwai baikabonet a cikinta, 'yan uwan juna ne. Amma haɗe take da sodiyam kabonet, wanda ya fi soda kaifi nesa ba kusa ba, ga gishiri, ga ƙasa da yashi.

40/
Kuma kanwa ba iri ɗaya ba ce. Ja daban, fara daban, ungurnu daban. Haƙo ta ake yi daga busassun tafkuna a yankin Tafkin Chadi da gabashin Nijar, kowane dunƙule da abin da ya ƙunsa. Abin da ke buƙatar awon giram daidai nauyin jikinka, ta yaya za ka auna shi da dutsen da ba ka san cikinsa ba?

41/
'Yar ƙanƙanuwar da ake jefawa a wake ko miyar kuɓewa wani abu ne. Jiƙa dunƙule a sha wani abu ne daban. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka sa yawan kunun kanwa cikin abubuwan da suke zargi, saboda sodiyam ɗin nan dai.

42/
Wani kuma a guruf ɗin ya turo hoton gwangwanin bakar hoda yana tambaya ko ita ce. Ba ita ba ce. Bakar hoda soda ce da aka riga aka haɗa da nata asid ɗin da garin sitaci. Tana jin ruwa take kashe kanta. Kumburin za ka samu cikakke, amfanin kuma ɗan kaɗan ko babu.

43/
To mai tseren mita 800 ko 1500 fa, ko ɗan dambe, wanda ya daɗe yana atisaye kuma lafiyarsa ƙalau? Wannan ba zan ce masa a'a ba, hujja na gefensa. Amma ya bi yadda masu abin ke yi, kuma ya fara da zuwa a auna masa jini, ya yi shawara da likita ko kocin da ya san aikinsa.

44/
Yadda suke yi: da sikeli ake aunawa, ba da cokali ba. Sukan fara da giram 0.2 ga kowane kilo. Ba a sha a kan yunwa, ana haɗawa da abinci mai sitaci da ruwa isasshe. Ana rarraba shan kaɗan-kaɗan, awa 2 zuwa 3 kafin tsere. Wasu a kafso suke sha, wasu su raba ta cikin kwanaki.

45/
Mafi girman ƙa'ida kuma: ana gwadawa sau da yawa a ranakun atisaye, kusa da banɗaki, kafin a kai ta ranar gasa. Wani cikinsa na ɗauka, wani ko ya yi yaya ba ya ɗauka, sai ya haƙura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abokina kuma ranar tafiyar ce ma yake so ya fafe nasa.

46/
Abin da na ce masa ya yi da mako ukun nan: sau 2 a mako, gudun mita 400 ko 800 da sauri, a huta, a sake. Irin wannan atisayen da kansa yana koya wa tsoka jure tsami da kwashe shi. Wato abin da yake nema a gwangwani, jiki na iya gina nasa, kuma wannan ba ya ƙarewa bayan awa 3.

47/
Sau ɗaya a mako dogon gudu a hankali. Kwana 4 ko 5 na ƙarshe ya rage nauyin atisaye jiki ya murmure. Ya koyi raba ƙarfinsa, don rabin masu faɗuwa a gaban idona zagayen farko ne ke cinye su, kowa na son ya nuna shi ne. Wannan kaɗai ya fi daƙiƙa 18.

48/
Sai barci, wanda ɗan jami'a ya mayar abokin gaba. Sai abinci na gaske: tuwo, shinkafa da wake, ƙwai in an samu, ba garin kwaki sau 3 a rana ba. Ya kwana a gidan sauro, don zazzaɓi guda a makon ƙarshe zai rage masa jini ya rushe duk abin da ya tara. Ruwa kuma tun daren jajibiri.

49/
Abin da ya fi damuna ya wuce ɗan ɗakinmu. Mun saba neman abin da za a haɗiya. Ɗan ƙwallon unguwa da lemon ƙara kuzari gwangwani biyu kafin wasa, wani har da tiramol. Soda ta fi waɗannan asali, tana da kimiyya a bayanta. Amma tunanin da ke kai mu gare ta shi ne dai wancan.

50/
Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, 'yan asalin gabashin Afirka ke kwashe manyan kyaututtukan. Namu da ke taɓukawa yawanci 'yan Filato ne, masu atisaye a kan tsaunuka. Tazarar da ke tsakaninmu da Kenya ta mintuna ce, shekarun horo suka gina ta. Cokalin soda ba zai cike ta ba.

51/
Na san wani zai zo ƙasan zaren nan ya ce shi ya sha kuma ya ga aiki. Ban ƙaryata ka ba, Malam. Wataƙila cikinka na ɗauka, wataƙila gudunka gajere ne, wataƙila kuma yarda da ka yi ce. Amma kada ka ba yaron da rayuwarsa ta rataya a kan gudu ɗaya shawarar ya yi caca da hanjinsa.

52/
Kai kuma mutumina, na san kana karantawa, ga ka can a kan katifa kana yi kamar ba ka gani 😂 Sauran sodar na ba maƙwabciyarmu mai yin cincin. Gobe ƙarfe 6 ina ƙofar fili da agogo, mita 400 sau 8. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

53/
Wanda ya san wani mai shirin tantancewa ko tsere, ya tura masa zaren nan kafin wani ya tura masa bidiyon. Likitoci da kocin da ke nan, inda na yi kuskure ku gyara mini a ƙasa, ɗalibi nake. Ku sa ɗan ɗakinmu a addu'a. Allah Ya ba shi sa'a, Ya ba duk mai nema.